Ko Likita na da Ikon Ƙin Yi wa Mai Ciwon Ajali Tiyata?

Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da ke ɗaure wa masana lafiya da masana shari'a kai a wannan zamani, akwai wata da kan taso a bakin gadon majinyaci a manyan asibitocin duniya. Mutum ne ciwo ya ci ƙarfinsa, likitoci sun duba sun tabbatar ba shi da magani. Shi kuwa, da hankalinsa garau, ya ce a shiga da shi ɗakin tiyata a yanke ƙarin da ke cikinsa, ko ya tashi ko kada ya tashi, ya ji ya gani. Likitan tiyata ya duba hotuna da sakamakon gwajin jini, ya ce ba zai yi ba. Shin yana da wannan iko? Jikin dai na majinyaci ne. To wane dalili zai sa wani ya hana shi gwada damarsa ta ƙarshe?

Sanin ranar ajali sai Allah. Abin da ake nufi da ciwon ajali a wannan maƙala shi ne ciwon da ilimin likita ya gaza warkarwa, kuma alamu suka nuna shi zai zama sanadi cikin makonni ko 'yan watanni, kamar sankarar da ta bazu a sassan jiki.

Tambayar ba sabuwa ba ce. Akwai wata tsohuwar takardar likitancin Masar da ake kira Takardar Edwin Smith, wadda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta ƙunshi bayanin raunuka da cututtuka 48, kuma marubucinta ya kasa su gida uku: waɗanda likita zai yi wa magani, waɗanda zai fafata da su ba tare da tabbacin nasara ba, da waɗanda ba za a taɓa ba. Ke nan tun fil azal masu wannan sana'a sun san akwai inda janye hannu ya fi. Abin da ya sauya a yau shi ne majinyaci ya sami murya, ana kuma jin ta har a gaban alƙali. Za mu duba lamarin ta fuskar kimiyyar jiki, sa'an nan ta fuskar shari'o'in da aka yi a Ingila da Amurka, inda aka fi tafka wannan muhawara a fili.

Abin da Wuƙa ke Yi wa Jiki

Ya kamata ɗalibi ya fara fahimtar cewa tiyata rauni ce. Bambancinta da raunin haɗarin mota shi ne an yi ta da gangan, cikin tsafta da lissafi, da fatan amfaninta ya rinjayi ɓarnarta. Da zarar an tsaga fata da tsoka, jiki kan saki sinadarai irin su adirenalin da kotizol, bugun zuciya ya ƙaru, sukari ya hau a cikin jini, sa'an nan jiki ya shiga narkar da furotin ɗin tsokarsa domin ya sami kayan gyara. Haɗewar rauni na buƙatar sabon nama, wanda ginshiƙinsa wani furotin ne mai suna kolajin, shi kuwa ba ya ginuwa sai da isasshen abinci da jini mai ɗauke da iskar oksijin.

Mai ƙarfin jiki na da ajiyar da zai biya wannan bashi. Wanda sankara ta daɗe tana ci kuwa ya riga ya cinye tasa ajiyar. Tsokarsa ta zube, jininsa ya yi ƙasa, garkuwar jikinsa ta raunana. Akwai wani furotin a cikin jini mai suna albumin, wanda a jikin lafiyayye yakan kai giram 35 zuwa 50 a kowace lita. Idan ya faɗi ƙwarai, ruwa kan tsattsafo daga jijiyoyi ya taru a ciki da ƙafafu, kuma alama ce da ke nuna ɗinki zai yi wuyar kamawa. Idan hanji aka yanke aka haɗa, mahaɗin na iya ɓallewa, ƙazanta ta zuba a kogon ciki, ƙwayoyin cuta su shiga jini. Idan huhu ya riga ya gaji, mai yiwuwa a kasa raba majinyacin da na'urar numfashi bayan an gama aiki. Ta haka mutumin da zai iya yin wata biyu a gida cikin iyalinsa sai ya ƙare da 'yan kwanaki a ɗakin masu matsananciyar jinya, da mesa a maƙogwaro, ba ya ko iya sallama da kowa. Irin wannan ne Hausawa ke kira garin neman gira a rasa ido.

Bugu da ƙari, idan sankara ta bar inda ta tsiro, ta bi jini ta sauka a hanta da huhu da ƙashi, yanke ƙarin farko ba ya tsayar da ita. Gobara ce da ta kama unguwa. Kashe wutar gidan da ta faro ba ya ceton sauran gidaje.

Tiyata Iri Biyu

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wanda ciwonsa ba ya warkewa ba a yi masa tiyata. Akwai tiyatar warkarwa, akwai kuma tiyatar sassauci, wadda manufarta rage azaba ko dawo da wani amfani na jiki, ko da ciwon na nan daram.

Alal misali, sankara kan sauka a ƙashin baya ta danne laka, ƙafafu su shanye. Daga shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000, Dokta Roy Patchell na Jami'ar Kentucky a Amurka da abokan aikinsa sun gwada hanyoyi biyu a kan irin waɗannan majinyata 101, suka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2005. Waɗanda aka yi wa tiyata aka ɗaga abin da ya danne lakar, sa'an nan aka gasa wurin da na'urar gashin sankara, kashi 84 cikin 100 sun iya tafiya da ƙafafunsu bayan jinya. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kuwa kashi 57 ne. Tiyatar ba ta warkar da sankarar ba, amma mutum ya iya kai kansa bayi da masallaci ko coci a watanninsa na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a lura, an zaɓi majinyatan da ake sa ran za su rayu aƙalla wata uku, kuma wuri guda ne ciwon ya danne.

Ga kuma misali na biyu, wanda ya fi sarƙaƙiya. Sankarar da ta bazu a kogon ciki kan toshe hanji, majinyaci ya yi ta amai, cikinsa ya kumbura, ko ruwa ya kasa sha. A 2014 wasu likitocin Jami'ar Wisconsin sun tattara binciken da aka yi a kan tiyatar buɗe irin wannan toshewa, suka buga a mujallar JAMA Surgery. Sun tarar cewa kashi 45 zuwa 75 cikin 100 na majinyata sun koma cin abinci. Amma kashi 6 zuwa 32 sun rasu a sanadin aikin ko jim kaɗan bayansa, kashi 7 zuwa 44 sun gamu da munanan matsaloli, kuma hanjin ya sake toshewa a kashi 6 zuwa 47. Zaman asibiti ya cinye kashi 11 zuwa 61 na sauran kwanakin da suka rage musu a duniya.

Faɗin tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma ya nuna cewa aiki ɗaya na iya zama rahama ga wani, ya zama azaba ga wani. Wanda hanjinsa ya toshe a wuri guda, yana da sauran ƙarfi, tiyata na iya mayar da shi gida. Wanda ya toshe a wurare da yawa, cikinsa cike da ruwa, likita zai buɗe ne kawai ya rufe. Bambance waɗannan mutum biyu shi ne ainihin ƙwarewar likitan tiyata, kuma a nan ne ikonsa na cewa a'a ya samo asali.

Ikon Ƙi da Ikon Nema

Masana shari'a sun raba haƙƙin majinyaci gida biyu, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne ikon ƙin magani. A 1914, a Jihar New York, an yi shari'ar wata mata da ta yarda a sa ta barci a duba cikinta kawai, amma likita ya zarce ya cire mata ƙari ba da izininta ba. Mai Shari'a Benjamin Cardozo ya bayyana cewa duk baligi mai hankali shi ke da ikon yanke abin da za a yi da jikinsa, kuma likitan da ya yi tiyata ba da izini ba ya aikata cin zarafi. Wannan ƙa'ida ta yaɗu a duniya. A Nijeriya ma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2001, a shari'ar Dokta Okonkwo, inda ta wanke likitan da ya mutunta wata majinyaciya da ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta.

Na biyu shi ne ikon neman magani, kuma shi ne mai rauni. Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya ce kada a taɓa shi, abin da yake buƙata daga likita janye hannu ne kawai. Wanda ya ce a yanka shi kuwa yana buƙatar hannun wani, da iliminsa, da lamirinsa. Likitan tiyata shi zai riƙe wuƙar, tare da mai ba da maganin barci da ma'aikatan jinya, kuma idan majinyaci ya cika a kan tebur, a hannunsu ya cika. Izinin majinyaci na halatta wa likita aikin da ya dace, amma ba ya mayar da aikin da bai dace ba ya zama daidai.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta fayyace wannan a watan Yuli na 2005, a shari'ar da ake kira ta Burke. Mai ƙarar na fama da ciwon ƙwaƙwalwa mai daɗa tsananta, yana kuma tsoron kada wata rana, idan ya kasa magana, likitoci su janye masa abinci da ruwan da ake ba shi ta mesa. Kotun ta kwantar masa da hankali cewa muddin yana cikin hayyacinsa kuma yana son a raya shi, wajibi ne a ci gaba da ciyar da shi. Amma ta ƙi amincewa da cewa majinyaci na da ikon tilasta kowane irin magani. Ta amince da wannan tsari: likita ne ke tantance hanyoyin da suka dace da ciwon, ya shimfiɗa su gaban majinyaci tare da amfani da haɗarin kowace, majinyaci ya zaɓa, ko ya ƙi su duka. Idan ya nemi wata hanya dabam, sai likita ya tattauna da shi. In har likitan ya tabbata ba ta dace ba, doka ba ta tilasta masa yin ta, sai dai ya kamata ya shirya wa majinyacin jin ta bakin wani likita.

Shari'ar Yarinya B

Shekara goma kafin wannan, an yi wata shari'a da ta girgiza Ingila. Kotu ta sakaya sunan majinyaciyar, ta kira ta Yarinya B. Shekarunta 10, tana fama da sankarar jini. An yi mata dashen ɓargo a 1994, amma a Janairun 1995 ciwon ya dawo. Likitocinta na Kambirij da na asibitin Royal Marsden suka ce saura mata mako shida zuwa takwas, kuma abin da ya fi shi ne a sassauta mata ta yi sauran kwanakinta cikin natsuwa. Mahaifinta bai yarda ba. Ya nemi a sake ba ta magungunan sankara masu ƙarfi, idan ciwon ya lafa a yi dashe na biyu. Dashen ɓargo ba yanka ba ne irin na ɗakin tiyata, amma aiki ne mai tsananin wahala da haɗari, don haka tambayar ɗaya ce.

A nan akwai darasin lissafi. An ƙiyasta cewa damar magungunan su kwantar da ciwon kashi 10 zuwa 20 ce cikin 100, damar dashen ya yi nasara bayan haka ita ma kashi 10 zuwa 20. Tun da sai an tsallake matakin farko za a kai ga na biyu, ninka su ake yi, ba tarawa ba. Ɗaya bisa goma sau ɗaya bisa goma ya ba da ɗaya bisa ɗari. Ɗaya bisa biyar sau ɗaya bisa biyar ya ba da huɗu bisa ɗari. Ke nan damar warkewa kashi 1 zuwa 4 ce kawai. Kuɗin aikin kuwa fam 75,000 ne, Hukumar Lafiya ta Kambirij ta ƙi biya. Ranar 10 ga Maris, 1995, Babbar Kotu ta umarci hukumar ta sake duba matsayinta, amma a wannan ranar Kotun Ɗaukaka Ƙara, ƙarƙashin Sir Thomas Bingham, ta soke umarnin, ta ce ba aikin alƙali ba ne ya zaɓar wa likitoci magani ko ya raba wa hukuma kasafinta.

Wani bawan Allah da ya ɓoye sunansa ya biya kuɗin. Wani likita mai zaman kansa a Landan ya ba ta magungunan, ciwon ya lafa, sa'an nan maimakon dashe na biyu ya gwada wata sabuwar dabara ta ƙara mata fararen ƙwayoyin jinin 'yar'uwarta. Yarinyar ta koma makaranta, ta rayu har zuwa watan Mayu na 1996. Kowane ɓangare na da abin kafa hujja: ba ta warke ba, kamar yadda likitocin farko suka faɗa, amma ta sami fiye da shekara guda inda aka yanke mata makonni. Shari'ar ta kuma nuna cewa ƙin aiki saboda ba zai yi amfani ba dabam ne da ƙin sa saboda tsada, kuma majinyaci na da haƙƙin a gaya masa wanne ne daga ciki.

Yaushe Aiki ke Zama na Banza?

Duk muhawarar ta rataya ne a kan ma'anar rashin amfani. A 1990 wasu masana uku a Amurka, Lawrence Schneiderman da Nancy Jecker da Albert Jonsen, sun kawo ma'auni: idan an gwada wani magani a kan majinyata 100 na baya-bayan nan bai yi amfani ko sau ɗaya ba, a ɗauke shi marar amfani. Ma'aunin na da tushe a ilimin ƙididdiga. A ce maganin na aiki sau 3 cikin 100. Damar a jera gwaji 100 duk ya faɗi ita ce 0.97 a ninka ta da kanta sau 100, wato kimanin 0.05. Saboda haka idan aka ga faɗuwa 100 a jere, ana iya cewa da tabbacin kashi 95 cikin 100 nasararsa ba ta wuce kashi 3 ba.

Sai dai lissafi ba ya amsa tambayar farko, watau amfanin me ake aunawa? Warkewa, ko ƙarin mako biyu, ko iya haɗiyar kunu? A watan Oktoba na 2013 Kotun Ƙolin Birtaniya ta tsoma baki a shari'ar asibitin Aintree da ke Libaful. Mai Shari'a Lady Hale ta sake tabbatar da cewa majinyaci ko danginsa ko kotu ba sa tilasta wa likita magani. Amma ta ƙara da cewa ba a kiran magani marar amfani don kawai ba zai warkar ba. Idan zai kawo wani alheri da majinyacin kansa ke ganin ƙimarsa, to yana da amfani, kuma da idon majinyacin ake auna rayuwar da ta cancanci a ci gaba da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan za a iya raba aiki biyu. Abin da majinyaci ke so ya cim ma, shi ke da ta cewa a kai. Ko wuƙa za ta iya kai shi can, wannan fagen likita ne. Idan dattijo ya ce burinsa ya ga auren 'yarsa bayan wata biyu, likita ba shi da hurumin raina burin. Amma yana da hurumin cewa tiyatar da ake nema ta fi kusa da hana shi ganin ranar. Inda damar nasara ta yi ƙasa amma ba ta ɓace ba, kuma likitoci da kansu suka saɓa, nauyin ya kamata ya karkata wajen zaɓin majinyaci.

Likita ma Ɗan Adam ne

Akwai dalilan da suka sa bai kamata a sakar wa likita wannan iko ba tare da linzami ba. Na farko, hasashensa kan kuskure. A 2000, Nicholas Christakis da Elizabeth Lamont sun buga wani bincike da suka yi a Chicago, inda likitoci 343 suka yi hasashen sauran kwanakin majinyata 468. Kashi 20 cikin 100 ne kawai suka yi kusa da daidai. Kashi 63 sun zarce wajen kyautata zato, kashi 17 kuma majinyatan sun rayu fiye da yadda aka zata. Na biyu, dalilin ƙin na iya zama na kare kai. Tun farkon shekarun 1990 Jihar New York ke bayyana wa jama'a yawan waɗanda suka rasu a hannun kowane likitan tiyatar zuciya, kuma da aka tambayi likitocin daga baya, da yawa sun amsa cewa sun taɓa kauce wa majinyaci mai haɗari domin kada alƙalumansu su ɓaci. Na uku, tsufa ko talauci ko naƙasar majinyaci na iya sa a raina rayuwarsa ba tare da an ankara ba.

Amma kuskuren ya fi yawa ta ɗaya ɓangaren, watau yin aikin da bai kamata ba. Wani bincike da aka buga a Lancet a 2011 ya duba tsofaffin Amurka kimanin miliyan 1.8 da suka rasu a 2008. Kusan kashi 32 cikin 100 an yi musu wani aikin tiyata a shekararsu ta ƙarshe, kashi 18 a watan ƙarshe, kashi 8 a makon ƙarshe. Ba duka ne kuskure ba, domin ba a san za su rasu ba sa'ad da aka yi aikin, amma yawan ya sa masana sun tsaya sun yi tunani. Haka kuma, naci ba hujja ba ne. A shekarun 1990 dubban matan Amurka masu sankarar mama sun nemi a yi musu dashen ɓargo, har wata kotu a Kalifoniya ta ci wani kamfanin inshora tarar dala miliyan 89 a 1993 saboda ya ƙi biya. Da sakamakon manyan gwaje-gwaje ya fito daga 1999, sai aka ga aikin bai ƙara musu kwana a kan maganin da aka saba ba, illa ƙarin wahala. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Laifin na mai miƙawa ne.

Sau da yawa ma majinyaci na nacewa ne domin ba a fahimtar da shi ba. Binciken Dokta Jane Weeks na 2012 ya nuna cewa kashi 69 cikin 100 na masu sankarar huhu da ta bazu, da kashi 81 na masu sankarar hanji, ba su gane cewa magungunan da ake ba su ba za su warkar da su ba.

Abin da ya Wajaba a kan Likitan da ya Ƙi

Likitan da ya ajiye wuƙa bai sauke nauyin majinyaci ba. Wajibi ne ya zauna ya bayyana dalilinsa da harshen da za a gane, ya faɗi mafi kyawun abin da zai iya faruwa, da mafi muni, da wanda ya fi tsammani. Wajibi ne ya buɗe ƙofar jin ta bakin wani likita, ya kuma miƙa takardu da hotuna ba tare da jan ƙafa ba, domin abin da ya gagari wani asibiti na iya yiwuwa a wani. Idan saɓani ya ƙi ƙarewa, manyan asibitoci na da kwamitin ɗa'ar aikin likita da ake kai wa ƙara. Jihar Teksas ta Amurka ta sa wannan cikin doka a 1999 dangane da na'urorin riƙe rai: idan kwamiti ya goyi bayan likita, ana ba dangi kwana 10 su nemi asibitin da zai karɓi majinyacin, a 2023 kuma aka ƙara wa'adin zuwa kwana 25. Ban da haka, ikon ƙin tiyata bai shafi taimakon gaggawa ba. A Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta hana kowa kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

Mafi muhimmanci, wajibi ne likita ya kawo madadi. Ga mai toshewar hanji akwai ɗan bututun ƙarfe da ake zurawa ya buɗe hanya ba tare da tsaga ciki ba, akwai mesar da ake sakawa a tumbi ta zuƙe ruwa amai ya tsaya, akwai magungunan rage ruwan hanji, akwai kuma mofin domin raɗaɗi. Wannan fanni na jinyar sassauci, wanda Cicely Saunders ta aza harsashinsa na zamani da ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ba sallamawa ba ne. A 2010 Dokta Jennifer Temel ta Boston ta kasa masu sankarar huhu da ta bazu su 151 gida biyu. Waɗanda aka haɗa wa jinyar sassauci da maganinsu tun da wuri sun fi samun sauƙin rayuwa, baƙin ciki ya ragu a cikinsu, kaɗan daga cikinsu ne suka sha jinya mai tsanani a ƙarshe, kuma matsakaicin kwanakinsu ya kai wata 11.6, a yayin da na ɗaya rukunin ya tsaya a wata 8.9.

Kammalawa

A taƙaice, likita na da ikon ƙin tiyatar da ya tabbata ba za ta kai majinyaci ga burinsa ba, ko wadda cutarwarta ta rinjayi amfaninta a fili. Ba shi da ikon ƙi saboda tsoron ɓacin suna, ko raina rayuwar majinyaci, ko kuma ya ƙi ya juya baya. Iyalin da suka tsinci kansu a wannan hali na iya yin tambayoyi huɗu: Mene ne manufar aikin, warkarwa ko sassauci? Cikin mutum goma masu irin wannan hali, nawa ke komawa gida? Idan ba a yi ba, me za a yi a madadinsa? Wane likita kuma za mu iya tuntuɓa? Likitan kirki ba ya jin haushin ko ɗaya daga cikinsu.

Ga ɗaliban da ke burin karatun likita, yana da kyau su san tun yanzu cewa koyon yadda ake yanka shekaru ne ƙidayayyu, amma sanin lokacin da ba a yanka, da yadda ake faɗa wa mai ciwo da danginsa hakan cikin gaskiya da tausayi, abu ne da likita ke koyo har ya bar aiki. Malamai kuma na iya kai shari'ar Yarinya B aji, su raba ɗalibai gida uku, wasu su tsaya a matsayin mahaifi, wasu likitoci, wasu hukumar da ke riƙe da kuɗin jinyar dubban yara, a ga hujjar da kowane rukuni zai kawo.